Sittana za ta kira

A ɗakin jira na wani asibiti a Omdurman, wayar wata dattijuwa ta yi ƙara. Mutumin da ke gefenta ya leƙa.

"Hajja, wayarki na cewa lokacin maganin hawan jini ya yi."

"Na ji ta, ɗana. Ai na sha."

"To ki danna koren nan, ta san kin sha."

"Bar shi. 'Yata Sittana ce ta sa mini abin nan, kafin yaƙi ya kai ta Bur Sudan. In ban danna ba, saƙo yake zuwa mata, sai ta kira ta yi mini faɗa."

"Kullum?"

"Kullum mana. Faɗan ba ya daɗewa, sai mu shiga hira, har jikoki su karɓa."

Mutumin ya ce:

"Babana yana unguwar Kalakla. Shi ma ba ya dannawa, har na fara tsoron ruɗewar tsufa ce."

"In ka kira kana faɗa, me yake yi?"

"Dariya."

"To kansa ƙalau yake, ya waladi, ɗana. Yi shiru, ga Sittana nan tana kira."