Malamaina Biyu Sun Raba Mini Hankali Kan Manhajata

Malam mai gabatarwa, barka da war haka. Sunana Hadiza daga Roni, ina ajin ƙarshe a fannin kwamfuta a Kazaure.

Aikina na kammala karatu manhaja ce mai tuna wa makiyaya ranar rigakafin shanu. Na gwada ta da garken kawuna a Gwiwa, ta yi aiki lafiya lau. Da na nuna wa malamina, sai ya ce, "Tana aiki, amma ina dizain fatan?" Wato sanannun hanyoyin da ƙwararru ke bi wajen tsara manhaja.

Wata guda na yi ina cusa su. Fayil huɗu suka koma ashirin da uku. Malamar da za ta duba aikin ta gani, ta ce, "Hadiza, wa ya aike ki? Ta farkon ta fi."

Jiya kawu ya kira, wai in ƙara masa tumaki a cikin manhajar. Wallahi na buɗe manhajar na rasa inda zan taɓa, ni da na rubuta ta da hannuna.

Ranar Litinin zan kare aikin, kuma su biyun za su zauna a gabana. Masana da ke saurare, don Allah wacce zan kai, ta farkon ko sabuwar?