Ranar da Kawu Ya Tuɓe Takalmi

Salamu alaikum ustaz mai gabatarwa. Idirisu ne daga ƙauyen Abu Hujar.

Satina biyu ina koyon tuƙin boksi, wato motar a-kori-kura, wajen Kawu Hamadu, zazzaɓi ya kayar da innata, muka nufi asibitin Sinja cikin damina. A bakin ƙorama na sa giyar taimako zan afka. Kawu ya riƙe hannuna: "Tsaya, ya walad, kai yaro! Ka san ƙarƙashin ruwan nan?"

Dattijon nan ya tuɓe takalmi, ya shiga taɓo har gwiwa, yana kafa kara duk inda ƙasa ke da ƙarfi. Na bi karan a hankali, muka haye. Inda na so bi kuwa, washegari tarakta ta kafe.

Inna ta warke. Ku gaishe min da Kawu. Tun ranar ni ma nake tuɓe takalmi.