Sawun Miji a Kan Toka

"Ki kafce gonar, Iya! Tokar da dutsen nan ya amayo, in ruwa ya dake ta daskarewa take, albasarki ta shaƙe."

Ina shagon kofi a kasuwar garin Selo, gindin dutse mai aman wuta, na baza kunne. Wani dattijo ne ya tasa wata tsohuwar da bai sani ba a gaba.

"Gonarka ce?" in ji ta.

"Ki juya ta da taki, ƙasa ta riƙe danshi har rani. Lalaci ne kawai!"

"Lalaci? Sawun mijina ne a kai. Ya zagaya gonar, washegari ya rasu."

Dattijon ya murje ido.

"To ki kafce gefe-gefe mana, sarauniyar taurin kai! Gobe zan zo da fartanyata."

Ya fita, ya bugo ƙofa. Ko inda gonar take bai tambaya ba.