Wa Ke Sa Masa Maɓalli?

"Umma, wancan ƙaton ma sai an sa masa maɓalli?"

A tashar mota ɗana ya yi tambayar da ƙarfi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata uwa ce ke gyara wa ɗanta riga, saurayi mai shanyayyen hannu ɗaya. Wani dattijo da ke gefenta ya dube ta, ya yi murmushi.

"Baiwar Allah, yaro ya yi tambaya fa."

"Baba, ai lalura ce. Daga neman aiki ma muke. Ya gama makarantar kwana, can ya koyi ɗinki, amma telan da muka je wurinsa ya ce mu je zai neme mu."

"Bai gwada shi ba?"

"Ya miƙo masa almakashi, na karɓe. Kar ya yanke."

"Da ya yi masa tambayoyi fa?"

"Ni na amsa. Ba ya sakewa da baƙi."

"To, ashe ke telan zai ɗauka. Kin iya ɗinki?"

"Haba Baba, ban da ba'a. Ni na san wahalar da na sha a kansa."

"Na yarda, 'yata. Amma a makarantar kwanan, wa ke sa masa maɓalli?"

Ta sauke hannunta.

"Shi da kansa," ta ce ƙasa-ƙasa.

Saurayin ya ƙarasa sa sauran maɓallan da hannu ɗaya, bai dubi kowa ba.

Iyaye, mu yi hattara: hannun da ke riga yaro yin komai, wata rana shi zai tare masa ƙofar aiki.