Karin Kumallon Kyanwar Pak Wiryo

A ɗakin jira na asibitin dabbobi a Yogyakarta, Pak Wiryo, wani tsoho mai gyaran keke, yana rungume da kwandon kyanwarsa da za a cire wa ƙari a cikinta. Matar da ke gefensa ta leƙa kwandon. A garin, Pak ake kiran namiji babba don girmamawa, mace kuma Bu.

"Pak, shinkafa nake gani a gashin bakinta?"

"Loma biyu ce kawai, da ɗan busasshen kifi."

"Ba su ce kada ta ci komai tun jiya ba?"

"Sun faɗa. Ƙa'idarsu ta yi yawa, Bu. Dubi takardar shaidarsu a bango, kamar hoton biki. A gidanmu ko baƙo ba ya fita da yunwa, balle kyanwar marigayiya matata. Mai maganin dabbobi na kasuwarmu bai taɓa tambayar abin da ta ci ba."

"Wurin irinsa na kai tawa bara, shi ma bai tambaya ba. Yana yi mata allurar barci ta yi amai, aman ya shaƙe ta. A zani na naɗo ta gida."

Pak Wiryo ya shafa kunnen kyanwar.

"In na faɗa ɗaga aikin za su yi, ƙarin nan kuwa kullum girma yake."

"Zuwa gobe ne fa, Pak. Ni da an ce min gobe, da har rawa zan yi."

Ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunansa. Ya miƙe a hankali, ya ɗan russuna.

"'Yata, kafin mu shiga. Ta karya kumallo, ni na ba ta."