Bangon Apu Sinang

NENITA: Halo, Kawu Balbino? Nenita ce. Na ga kiranka ina cikin mota.

BALBINO: A'a, injiniya da kanta. Ina wuni, ya Manila?

NENITA: Lafiya lau, Kawu. Ya tsibirinmu Sabtang, ya iyali? Ya ƙafar Inna Luring?

BALBINO: Da sauƙi, har tana zuwa gonar tafarnuwa. Kin samu busasshen kifin da muka aiko?

NENITA: Ya iso, maƙwabta sun kusa kora ta saboda ƙamshi. Iska nake ji, kana ina ne?

BALBINO: Bayan coci, kan tudu. Nan kaɗai waya ke kamawa yau.

NENITA: Ya kakata, Apu Sinang?

BALBINO: Tana nan. Tana cin abinci.

NENITA: Kawu, ba ka hawa tudu don ka faɗa mini tana cin abinci.

BALBINO: To. Mun bi maganarki. Kin ce simintin da aka shafe bangon gidanta da shi yana kulle danshi a ciki, a ɓamɓare, a mayar da farar ƙasa irin ta da.

NENITA: Haka ne. Dutse da farar ƙasa numfashi suke yi, siminti kuwa toshe su yake. Kun fara kenan? Kai, na ji daɗi. Ka ɗaukar mini hoto, zan sa a jawabina na jibi, har ina tunanin mu koya wa matasa ƙona farar ƙasa, mu buɗe...

BALBINO: Tsaya, 'yar nan. Mun ɓamɓare na wajen teku. Abin da ke ƙarƙashi ya zama gari, da yatsa nake tone shi. Bangon ya yi ciki, ya tsage daga kusurwa har ƙarƙashin jinka. Hannuna yana shiga.

NENITA: Har ina?

BALBINO: Har gwiwar hannu. Kuma rediyo ta ce guguwa ta juyo ta nan.

NENITA: Yanzu? Ai na ɗauka lokacinta ya wuce.

BALBINO: Ita ba ta karanta littafinki ba.

NENITA: Kar ku sa siminti, Kawu, don Allah. A tokare bangon da katakai ta ciki da ta waje, a ciccika tsagar da ƙananan duwatsu da farar ƙasar da kuka jiƙa a rami, a rufe da tamfol kada ruwa ya wanke ta. A jefa taru kan jinkar, a ɗaure igiyoyin a turaku can nesa, kada a ɗaure a jikin bangon.

BALBINO: Duk na ji. Wa zai yi? Ni da Luring mai ɗingishi?

NENITA: Gayya mana. Ina tsoho Ponso, ba shi ke kiran mutane ba?

BALBINO: Na je wurinsa da safe. Ya ba ni kujera, ya ba ni dafaffen dankali, ya ce Apu Sinang uwa ce ga kowa. Sannan ya ce in tuna masa yaushe rabon gidanta da ba da hannu.

NENITA: Ba ga ka ba? Kai ɗanta ne.

BALBINO: Hannuna na gidana ne, kin sani. Mutum ɗaya ba ya tsaya wa gida biyu. Mahaifiyarki ce hannun gidan Apu. Da ta rasu aka ce ke ce, sai kika tafi karatu. An baibaye gidan su Tomasa ba ke, an ɗaga bangon su Ilyong ba ke. Ba wanda ya yi magana, amma kowa ya gani.

NENITA: A rana irin wannan za a tsaya duba wa ya zo, wa bai zo ba?

BALBINO: Kowa yana da jinkar da zai ɗaure kafin jibi. Ponso ya ce ba zai iya ce wa mutum ya bar rufinsa ya je gidan da ba shi da kowa a layin gayya ba. In 'yar gidan ta tsaya, ko dutse ɗaya take miƙawa, zai busa ƙaho, duk gari ya fito. Ya ce ka'idar ba tasa ba ce, tarar da ita ya yi.

NENITA: In na nemo ma'aikata daga Basco, can babban gari, fa?

BALBINO: Ki aiko baƙi su taɓa bangon Apu, gari na kallo? Daga ranar ko gawarta sai dai baƙin su ɗauka.

NENITA: To ku fitar da ita. Ta koma gidanka har guguwar ta wuce.

BALBINO: Na faɗa mata. Ta ce tun tana yarinya gidan nan ake gudowa in iska ta tashi, ba a gudu daga cikinsa. Ta ma jawo gadonta ta kai jikin bangon, wai tana so ta ji in ya motsa.

NENITA: Jikin wanda ya tsage?

BALBINO: Shi.

NENITA: Kawu, jibi ne jawabina. Manyan hukumar adana gine-gine za su zauna, kuma daga cikinmu za su ɗauki wanda za su ba aiki. Shekara nake shirya shi.

BALBINO: A kan me za ki yi maganar?

NENITA: A kan... yadda za a ceci gidajen dutse na tsibiranmu na Batanes.

BALBINO: Madalla. Allah ya ba da sa'a. Ki nuna musu hoton namu, na da, lokacin yana tsaye.

NENITA: Kawu, kar ka yi mini haka.

BALBINO: Ban yi miki komai ba. Apu ma ta ce kada in faɗa miki, wai kina da babban aiki. Ni ne dai na kasa. Halo? Kina ji na?

NENITA: Ina ji. Jirgin saman Basco na gobe yana tashi?

BALBINO: An ce shi ne na ƙarshe kafin su rufe. Kwale-kwalen Sabtang kuma in teku ta ƙara kumbura ba zai tsallaka ba. Cajin wayata ma ya kusa...

NENITA: Saurara. Ka sauka yanzu ka je wurin Ponso. Ka ce ya busa ƙahon da asuba, su fara tokarewa, kada su jira ni. Ka ce hannun gidan Apu Sinang yana hanya, in kwale-kwale ya ƙi, ranar da na sauka, gidan da ke kan layin gayya zan fara kai wa hannu. Ka ji? Kuma ka janye gadon nan ko tana zagi. Kawu, ka ji abin da na ce ka faɗa wa Ponso? Halo? Kawu Balbino?