Gambar Iyakarmu Ta Fara Tafiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Binta, mai sauraronku daga wani ƙauye kusa da Babban Mutum.

Makon jiya na ji kuna cewa a wata 'yar ƙasa filin noma ƙaruwa yake kowace shekara. Na ce ikon Allah, ni tawa gonar raguwa take.

Gado ce daga mahaifina. Da tiya uku ta irin gero take ci, bana biyu da rabi suka cika ta. Gamba ce iyakarmu da Yaya Sale, ɗan wan mahaifina. Da na je dubawa, sai na tarar gambar ta matso cikin kunyoyina, ƙasar gindinta sabuwa. Na ce, "Yaya, gamba tana tafiya ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ke da ba kya huɗa, ina kika san kunya?" Har yau ban san wace kunyar yake nufi ba.

An karantar da mu cewa zato zunubi ne, amma gonar nan ita ce cin 'ya'yana. In kai wa mai gari, ko in fara tara dattawan gida saboda zumunci? Masu sauraro ku ba ni shawara, kafin baɗi gambar ta ƙara taku.

Ina gaida 'yan ajinmu na Islamiyya.